An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsa Ga Mai Hilux Na Maigatari

TAMBAYA

Ina da matsalar da ta hana ni barci. Ina da a-kori-kura, Hilux mai shan gas ƙirar 2008, wadda na saya hannu na biyu shekara uku da suka wuce, kuma da ita nake ci da iyalina. Ina ɗauko riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ranar Alhamis kuma in yi jigilar dusa da tumaki a kasuwarmu ta Maigatari. Tun bayan girbi ta ɓullo da wani hali. In na yi lodi na shiga yashi, ko na taka totur zan wuce babbar mota, sai fitilar cek ta kama, motar ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya. In na kashe na jira minti biyu na sake tayarwa, sai ta dawo garau. Wani lokacin kuma a sulo ta riƙa hawa da sauka har ta mutu. Na kai ta wurin wani bakanike ya sa mata kwamfuta, ya ce sensar da ke kan rel ce. Na aika Kano aka sayo aka ɗaura. Kwana huɗu ciwon ya dawo, ga shi yanzu wurin yana tsatsafar gas. Wani kuma ya ce famfon injekta ne gaba ɗaya, kuɗin da ya faɗa mini ya kusa rabin jarina. Malam, sensar ce jabu ko famfon ne? Ko dai in sayar da ita in koma mai fetur?

Mai karatu, Maigatari

AMSA

Allah ya sa albarka a nema, ya kuma kare dukiya.

Bari in fara da abin da ka ambata a guje kamar ƙaramin abu, wato tsatsafar nan. Don Allah kada ka sake yin lodi sai an gyara wurin. Kuma kada kai, ko yaron motarka, ko bakanike, wani ya kai yatsa wurin alhali inji yana aiki wai don a ji ta ina man yake fitowa. Iskar da ke cikin tayarka ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Man da ke cikin wancan bututu, ko a sulo, yana wajen bar 300, in ka taka totur da lodi kuma ya haura 1,300. Man da ya fito ta 'yar tsaga da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige cikin nama. A waje ɗan ɗigo za ka gani kamar cizon sauro, a ciki kuwa nama ne ke mutuwa, aikin tiyata ne na gaggawa, kuma mutane sun rasa yatsu ta wannan hanya. In ana neman inda yake yoyo, kwali ake karawa a ga inda ya jiƙe.

Na tsaya a kan wannan ne domin yawancin bakanikenmu na gas a kan tsoffin injuna suka koyi aiki, irin su 2L da 3L da 5L. A can famfo ne sarki, haƙori da sifirin ke raba mai, kuma ɗabi'a ce a sassauta notin bututun nozul inji yana aiki don a fitar da iska ko a gano silindar da ta mutu. Hannun da ya saba da wannan, in ya zo kan irin injinka bai canza ɗabi'a ba, zai cuci kansa ya cuci motar. Tsarin da ke motarka daban ne. Kamfanin Denso na Japan ya fara sa shi a babbar motar Hino a 1995, Bosch na Jamus ya biyo da shi a ƙaramar mota Alfa Romeo 156 a 1997, Toyota kuma ta sa wa nata suna D-4D. Hilux ta 2008 mai D-4D dai ko injin 2KD mai lita 2.5, ko 1KD mai lita 3.0. Mu a wannan ɓangaren iyaka Hilux mai fetur ta fi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa masu hannu a D-4D suka yi mana ƙaranci idan aka kwatanta da Damagaram ko Maraɗi, inda motar gazuwal, wato gas, ba baƙuwa ba ce.

Ga yadda man ke tafiya. Yana tasowa daga tanki ya bi ta filta ya shiga famfo. Famfon ya matse shi ya tura cikin wani bututun ƙarfe mai kauri da ke kwance gefen inji, shi ne rel. Daga nan nozul huɗu suke sha, kuma biren-bos, ƙwaƙwalwar motar, ita ke buɗe kowanne da wuta a daidai lokacinsa. A jikin famfon akwai wani ɗan bawul da ake kira SCV, shi ke ƙayyade yawan man da zai shiga a matse. A kan rel ɗin kuma akwai sensar da ka canza, aikinta ɗaya ne tak, ta faɗa wa biren-bos nawa ne matsin man a wannan daƙiƙar. In abin da ta faɗa ya kauce wa abin da ake nema, biren-bos ta kunna fitilar cek ta rage wa inji ƙarfi don kada ya lalace. Sanyin da kake ji kamar an riƙe motar ta baya ke nan.

To, ka ɗauka ka aiki yaro ya leƙa rumbu ya gano maka hatsin da ya rage, ya dawo ya ce saura kaɗan. Abu uku ne zai yiwu. Ko yaron bai gani daidai ba, ko ta bakin wani saƙon ya iso maka ya canza a hanya, ko kuwa gaskiya ya faɗa, rumbun ya yi ƙasa. Kwamfutar bakanike maganar yaron kawai take maimaita maka. Wanda ya ji "saura kaɗan" ya kori yaron ya ɗauko wani, sabon ma zai leƙa ya dawo da magana iri ɗaya. Abin da ya same ka ke nan a kwana huɗu.

Da ka rubuto mini lambar da kwamfutar ta nuna, da an rage rabin aiki. Wannan sakaci ina ganinsa kullum: a karanta lamba, a ce wa mai mota "sensa ce", a goge, kowa ya manta. Daga yau duk wanda ya sa wa motarka kwamfuta, ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka kafin ya goge komai. Lambobin dangi-dangi ne. P0190 da P0192 da P0193 suna magana a kan layin wutar sensar, saƙo ya yanke, ko ya yi ƙasa ƙwarai, ko ya yi saman da hankali ba zai ɗauka ba. Ko su ɗin ma ba su yanke wa sensar hukunci ba, domin waya da soket suna cikin layin. P0088 cewa take matsi ya yi yawa, P0093 mai yana zurarewa da yawa ta wani wuri, P1229 kuma ta Toyota ce, famfo take nunawa da yatsa. Waɗannan ukun galibi shaidar sensa mai lafiya ce da ke faɗin abin da ta gani. Ita kuwa P0087, wadda ke nufin matsi ya yi ƙasa, tana iya fitowa daga kowane ɓangare, kuma a ganina babu lambar da ta kai ta cinye kuɗin masu mota.

Amma wasiƙarka ta ba ni abin da ya fi lamba. Ka ce ciwon na zuwa ne sa'ad da inji ya fi bukatar mai, a yashi da lodi ko wajen wuce mota. Ka ce a sulo tana hawa da sauka. Ka ce kashewa da tayarwa na warkar da ita na ɗan lokaci. Sensar da ta lalace ba ta san lodi ba, ba ta san yashi ba. Ita takan yi tsiyarta a gargada, ko bayan an wanke inji, ko kuma ta mutu ta zauna a mace. Alamominka sun fi kama da injin da man ba ya isa gare shi yadda ya kamata, kuma a irin motarka mutum biyu ake fara tuhuma, filta da SCV.

Gwajin farko ba ya bukatar kwamfuta, da kanka za ka yi. Nemi robar ruwa fara tas, busasshiya. A ƙarƙashin gidan filtar mai akwai ɗan makunni na roba, sassauta shi, ka danna famfon hannu da ke saman gidan, ka tari abin da zai fito. Ajiye robar a inuwa ta yi minti goma, sannan ka ɗaga ta a hasken rana.

Shekarun baya an kawo mana irin taka, mai ita ya riga ya canza sensa har biyu, ransa a ɓace, yana rantsuwa kayan jabu ake sayar masa. Da muka tari man muka ajiye, sai ga layi ya fito ƙarara a cikin robar, gas mai ruwan zuma a sama, ƙasa kuma ruwa mai duhu kaurin yatsa biyu, da jan yashi kwance a gindi kamar a kwatarniyar da aka ɗebo daga kududdufi. Muka zaro filtar, takardarta ta yi baƙi ta lanƙwashe ciki saboda yadda famfo ke tsotsa ba ya samu. Mutumin ya karɓi robar ya juya ta a hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce shekara guda ke nan fitilar filta tana kamawa, wani ya cire masa soket ɗinta don ta daina damunsa. Fitilar nan a Hilux irin taka magana biyu take yi: in tana ƙyaftawa ruwa ya taru a zubar, in ta tsaya a kunne filtar ce ta toshe.

Ka dubi man da kyau don abu na uku. In ka ga wani ƙyalli-ƙyalli kamar garin azurfa yana yawo a ciki ko a gindin gidan filta, to wannan ƙarfe ne, famfo yana cin kansa, kuma bakanike na biyu ya yi gaskiya. A nan babu gajeriyar hanya, sai an gyara famfo, an wanke tanki da layuka duka, an gwada nozul. In babu wannan ƙyallin, kada ka yarda a kwance maka famfo tukuna.

Na san ba da gangan kuke shan man jarka ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, a Nuwamban shekarar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Maigatari kuwa a bakin iyakar take. An buɗe a Disamban 2020, Maigatari na cikin iyakoki huɗu na farko tare da Illela da Seme da Mfum, aka sake rufewa a Agustan 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin wannan yanayi duro da jarka suka zama gidan mai, ko man ya fito daga kudu ko daga matatar SORAZ ta Damagaram. 'Yan bumburutu da yawa mutanen kirki ne masu neman halak. Matsalar tana ga mazubin. Duron da ya kwana a waje yana tara raɓa a cikinsa, yana tsatsa, jarkar da aka buɗe a iskar hunturu tana shan ƙura, wata kuma jiya fetur ne a cikinta. Akwai kuma masu haɗa gas da kananzir, wannan kam zalunci ne, domin famfo da nozul na D-4D ba su da wani mai da ke sa musu santsi sai gas ɗin kansa, kananzir kuwa ba shi da wannan santsin. Tsohon 3L zai haɗiye duk wannan ya yi tari ya wuce. Naka ramukan nozul ɗinsa ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba. In dole ta sa ka sayi na jarka, bar shi ya kwanta, ka zuba ta mazurari mai matacin ƙyalle mai tsabta, ka bar na gindin jarka kada ya shiga tanki. Filta kuma ka riƙa canzawa kafin lokacin da littafin motar ya faɗa, kuma ka sayi ta ƙwarai. A nan ne araha ba ta ado.

Bayan sabuwar filta sai a koma ga kwamfuta, wannan karon don a kalli lambobi masu motsi. A murɗa ki fitilu su kama, kada a tayar. Matsin rel ya kamata ya nuna sifili ko dab da shi, tunda famfo bai juya ba. In ya nuna ɗari da wani abu inji a kashe, yaron aike ƙarya yake. Sannan a tayar, a jera lambobi biyu gefe da gefe, matsin da biren-bos ke nema da wanda sensa ke gani. Wasu na'urorin a MPa suke nunawa, 30 a can shi ne bar 300. A inji mai lafiya lambobin nan biyu suna bin juna kamar saniya da maraƙinta. Yanzu ka haɗa ido da kunne. In lambar sensa ta yi tsalle daga 300 zuwa sama can ko ta faɗi sifili cikin ƙiftawar ido, alhali ƙarar inji ba ta riga ta canza ba, wannan aikin waya ne ko sensa, domin mai ba ya irin wannan tsalle. In a sulo lambar tana lilo sama da ƙasa, ƙarar inji tana lilo tare da ita, SCV ne ke maƙalewa. In kuma sai an hau hanya da lodi ne take ja da baya a hankali ta kasa kamo 'yar'uwarta, man ne ba ya isowa, ko yana zurarewa ta bawul ɗin kariya da ke ɗaya ƙarshen rel, ko ta nozul da ya gaji.

Mai rewaya ma yana da nasa rabon. Sensar tana da waya uku, wasu shida: mai kawo wuta bolt 5, ta ƙasa, da mai mayar da saƙo. A na Denso wayar saƙo tana nuna kusan bolt 1 in an murɗa ki, a sulo kuma tsakanin 1.3 da 1.8. A zare soket a haska da tocila, in ka ga kore-kore a kan filolin kamar gansakuka, ruwa ya shiga, galibi daga masu wankin mota da ke fesa wa inji ruwa mai ƙarfi. A girgiza damin wayoyin inji yana sulo a ga ko lambar za ta motsa. Kuma tunda motarka tana kwana da ƙamshin riɗi da dusa, a bi wayoyin da hannu har bayan inji, ɓera yana son ɗumin wurin kuma yana gaigayar roba. Kada a bar mai rewaya ya huda waya da allura, ramin nan ƙofar ruwa ce gobe. Kan batir da wayar ƙasa ta inji su ma a kankare a ɗaure.

Akwai wasu sensoshin da ke da hannu a rabon mai, ta kuranshaf, ta totur, ta iskar turbo, amma halinsu daban ne. Ta kuranshaf in ta mutu mota ɗif take yi, ka yi ta kik allurar juyin inji ba ta motsa ba. Ba naka ba ne.

In zargi ya tabbata a kan SCV, ka gode wa Allah. Ɗan abu ne da noti biyu ke riƙe da shi a bayan famfo, ana sayar da shi shi kaɗai, kuɗinsa bai kama ƙafar na famfo ba. Iri-iri ne, akwai dogo akwai gajere, don haka a tafi da tsohon ko lambar da ke jikin famfo. Bayan an ɗaura, a sa kwamfuta ta goge abin da biren-bos ta saba da shi na tsohon bawul ta koyi na sabon, in ba haka ba sulo ba zai zauna da wuri ba.

Saura tsatsafar da aka jawo maka. Littafin gyara na Toyota ya hana a kwance sensar nan daga jikin rel. Dalili shi ne babu wasar roba a wurin, ƙarfe ne ke danne ƙarfe har bakin ya lotsa ya rufe, kuma sau ɗaya yake lotsawa daidai. In sensar ta lalace da gaske, rel ɗin ake canzawa gaba ɗaya, tare da bututan ƙarfe da ke zuwa nozul. Ƙara ɗaure wadda ke yoyo da dogon sifana ba zai tsayar da ita ba, zai dai cinye zaren. Mayar da tsohuwar ma ba mafita ba ce, bakinta ya riga ya lotsa. Shawarata, ka nemi cikakken rel, sabo in da hali, ko na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano wanda ba a taɓa taɓa sensarsa da bawul ɗinsa ba, lambar jikinsa ta dace da ta naka. Dubi kan notin sensar, in akwai sawun sifana, ajiye musu kayansu.

Ranar ɗaurawa kada a yi aikin a fili iska tana kaɗawa. A shiga rumfa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a bar inji ya huce, a cire kan batir na ƙasa. A wanke kewayen wurin kafin a kwance noti ko ɗaya, duk bakin da aka buɗe a rufe shi da leda mai tsabta nan take, kada a goge da tsumma mai zare. A fara ɗaura bututan da yatsu har su zauna, sannan a ƙarasa da sifana mai awo bisa ƙa'idar littafi. A danna famfon hannu har ya yi tauri kafin a tayar. In wata rana aiki ya kai ga canza nozul, ka tuna kowanne yana da lambarsa a ka wadda dole a shigar wa biren-bos da kwamfuta.

Batun sayarwa, ni ban ba ka wannan shawarar ba. Mota mai fitilar cek a kunne da warin gas a inji, dillali zai taya ta ne a farashin famfon da wataƙila lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ne litar gas ta haura naira 1,000 a 2023, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ratar da ke tsakaninsu ta ragu, kuma a yashin Sule Tankarkar da buhunan riɗi a baya, mai fetur ba za ta ja maka kamar wannan ba, ga shi ta fi ta sha.

In an gama aiki kada ka yarda da zagayen cikin gari a matsayin gwaji. Yi mata lodin da ka saba, ka ɗauki bakaniken a gefenka da kwamfutarsa a kunne, ku bi hanyar da ta saba kunna fitilar, da rana tsaka, ka taka totur a daidai yashin da take yin sanyi. Shi idonsa a kan lambobin nan biyu, kai kunnenka a kan inji. Da kun tsaya a buɗe bonet a kara kwali a kowace mahaɗa. Sai ka aiko mini da hoton robar man, da lambar da ta fito in ta fito, da abin da matsin rel ya nuna inji a kashe.